Karatu, Rumbun Littattafai da Ladabin Siyasa a Ƙasar Damri

Gabatarwa

Duk inda 'yan makaranta suka zauna hira a wannan zamani, da wuya su tashi ba su taɓo koke-koke guda uku ba. Na farko, a ce matasa sun yi watsi da karatun littafi. Na biyu, a ce ɗan abin da muke karantawar ma ba a hannunmu yake ba, yana can ajiye cikin na'urorin waɗansu kamfanoni na ƙasashen waje, sai mun sayi data kafin a buɗe mana mu leƙa. Na uku, a ce siyasa ta zama fagen zage-zage da cin mutunci, yaro ba ya jin nauyin sa'an mahaifinsa. Galibi akan ɗauki kowane koke a tattauna shi shi kaɗai, kamar babu abin da ya haɗa shi da sauran. Ni kuwa a ganina igiya ɗaya ce ta ɗaure su duka. Mutumin da ba shi da ajiyar ilmi a gidansa, karatunsa tsince-tsince ne. Mai karatun tsince-tsince kuwa ba ya riƙe hujja, in gardama ta yi zafi ba abin da zai jawo sai zagi.

Zan gina wannan bayani a kan garin Damri na ƙaramar hukumar Bakura, tare da maƙwabtansa na ƙasar Talata Mafara da Maradun a Jihar Zamfara. Dalilin zaɓen wannan yanki kuwa shi ne, ƙasa ce ta malamai da mawaƙa, kuma ƙasa ce ta siyasa. Daga 1999 zuwa 2023, watau shekara 24, 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku ne suka riƙe kujerar gwamnan jihar har shekara 20: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawallen Maradun daga 2019 zuwa 2023. Yankin da siyasa ta ratsa kowane gida haka, ya fi kowa bukatar sanin yadda ake saɓani ba tare da an ɓata zumunci ba.

Mai Awo da Mai Rumbu

Kowane Bazamfare ya san bambancin magidanta biyu. Akwai wanda da kaka yakan ɗaure gero da dawa dami-dami ya zuba rumbu, ya yaɓe bakin. Akwai kuma wanda kullum sai ya je kasuwa ya yi awo, tiya ɗaya ko biyu. Muddin kasuwa na ci, ba a gane bambancinsu, domin kowa hayaƙi na tashi a gidansa. Ranar da aka hana cin kasuwa, ran nan ake sanin mai gida.

To, irin wannan rana ta zo mana a fagen ilmi. A farkon watan Satumba na 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa ta umurci kamfanonin waya da su katse sabis a Jihar Zamfara baki ɗaya, domin a sami damar yaƙar 'yan bindiga. An ce mako biyu za a yi, amma sai a watan Oktoba aka mayar wa Gusau, sauran yankuna kuwa suka ci gaba da zama cikin duhu har wajen ƙarshen watan Nuwamba. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa ko Sakkwato don kawai su buga waya su dawo. An yi magana mai yawa a kan asarar 'yan kasuwa da masu sana'ar cire kuɗi, kuma gaskiya ne sun yi asara. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne halin da ɗalibi ya shiga, wanda duk karatunsa, daga darasin makaranta har wa'azi da labarin duniya, a kan intanet yake. Wayar tana hannunsa, cajinta cike, amma ta zama hoto. Shi kuwa tsohon malamin zaure, mai Iziyya da Risala da Askari cikin gafaka, ko darasi ɗaya bai fasa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsautsayi ne na sau ɗaya. A wannan shekara ta 2021 ɗin dai, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. Bayan wannan, kamfani na da ikon rufe shafin mutum, ko ya sauke littafi, ko shi kansa ya karye ya tafi da duk abin da aka ajiye wurinsa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ba ka da ikon buɗewa ranar da ka so, ba naka ba ne, ko da sunanka ne rubuce a kansa.

Yadda Magabata Suka Riƙe Nasu

Wannan ƙasa tamu ba baƙuwa ba ce ga littafi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara, kuma Faru ta ƙasar Maradun na cikin wuraren da ya zauna. Abokinsa Malam Muhammadu Tukur ya yi zamansa a Matusgi, kusa da Talata Mafara, yana koyarwa yana wallafa. Da aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, cikin gaggawa da tsoron abokan gaba, littattafan Shehu na cikin kayan da aka ɗora wa raƙuma. Mutanen da ke gudun ceton rai ba su ɗaukar abin da ba su ɗauke shi bakin ransu ba.

Yadda littafi ke yaɗuwa a wancan zamani shi ne kwafa. Ɗalibi ya ari littafi wurin malaminsa, ya zauna da tawada da alƙalami ya juye shi, ya mayar da na aro, ya riƙe nasa. Saboda haka littafi ɗaya sai ya zama yana gida goma. In gobara ta ci na Bakura, akwai na Mafara. In gara ta ci na Mafara, akwai na Sakkwato. Ta haka ne rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello da Nana Asma'u suka iso gare mu bayan shekara ɗari biyu, har mutum irin Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tara ɗimbinsu a gidansa, masana daga ko'ina cikin duniya suna zuwa ɗiba. Haka kuma aka gani a Tambutu ta ƙasar Mali. Da 'yan tawaye suka mamaye garin a 2012, iyalai masu ajiyar littattafai suka riƙa zuba su cikin adakoki suna fitar da su a ɓoye zuwa Bamako. A Janairun 2013 an ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba, amma mafi yawan gadon garin ya tsira, domin a warwatse yake a hannun masu shi.

Daga Gafaka Zuwa Waya

Da boko ya zo, ba a bar wannan ɗabi'a nan da nan ba. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam na edita. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA tana buga littattafai masu araha da jaridun larduna, Lardin Sakkwato ya sami tasa mai suna Zaruma. Jarida ɗaya takan zaga gari. Mai iya karatu ya zauna ƙofar gida yana karantawa da ƙarfi, jama'a na saurare, in ya kai aya a tsaya a tattauna. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwa, aka buɗe shagunan haya, 'yan mata da matan aure suka riƙa karanta littafi mai kashi uku ko huɗu ba gajiya.

Saboda haka ban yarda da masu cewa Bahaushe ba ya son karatu ba, ban kuma yarda cewa matasan yau sun daina ba. Idan kalmomi za a ƙirga, watakila saurayin yau ya fi kakansa karanta su a wuni guda. Abin da ya sauya shi ne irin karatun. Yanzu layi uku ne a Facebook, sai guntun murya a WhatsApp, sai bidiyo na minti ɗaya wanda aka yanke farkonsa da ƙarshensa. Kafin ka gama tauna wannan, an turo wani ya ture shi. Gobe in ka nemi na jiya don ka tabbatar, ya nutse. Kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali kuwa da talla suke samun kuɗi, ribarsu ita ce ka daɗe kana kallo, kuma sun gane abin da ke tayar da hankali ya fi riƙe ido. Watau an ɗora mu a kan cimar da ke sa ƙishirwa, mai sayar da ruwa kuma shi ne mai dafa ta.

Karatu da Ladabin Gardama

Ina alaƙar wannan da siyasa? Karatun littafi daga bango zuwa bango horo ne na haƙuri. Mai karatu yana zaune shiru, wani mutum na magana shafi ɗari ko biyu, ba damar katse shi. Dole ka bar shi ya kai ƙarshen zancensa kafin ka yanke masa hukunci. Wanda ya saba da wannan, in ya zo majalisa yakan iya sauraron abokin hamayya har ya dire. Wanda bai saba ba, tun kalma ta uku ya fara shirya amsa.

Tarihinmu na da misalai. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ba da labari cikin Tazyinul Waraƙati cewa lokacin da suke wa'azi a Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar wa'azin Shehu. Shehu ya umurci Abdullahi ya ba shi amsa. Ya amsa masa da waƙa, ya karɓi nasiharsa da girmamawa, sa'an nan ya kawo hujjar cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Haka nan Muhammadu Bello da Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi na Barno sun yi musayar wasiƙu a kan halaccin jihadi, alhali kuwa dakarunsu na fafatawa a fagen fama. Maganganun sun yi zafi ƙwarai. Amma da Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya kwafe hujjojin abokin gardamarsa ya sa cikin littafinsa, ya biyo da amsa. Albarkacin wannan, yau muna iya karanta ɓangarorin biyu mu auna. Wane ɗan siyasa ne cikinmu zai ajiye maganar abokin hamayyarsa cikakkiya, ba yanke ba ƙari, don 'yan baya su gani?

Ko mawaƙanmu na fada, irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, waɗanda wannan yanki ke alfahari da su, suna zambo suna habaici, kuma zambonsu na da kaifi. Sai dai sana'a ce mai ƙa'ida, akan lulluɓe wanda ake nufi cikin siffa, mai hankali ya gane, a yi dariya a wuce. Abin da muke ji yau daga bakin sojojin baka a gidajen rediyo da 'yan amshin shata a waya ba shi da wannan lulluɓi. Suna ake kamawa, a haɗa da na uwa da uba, a yi ƙazafi, a watsa wa duniya. Yaron da ya rubuta yana zaune unguwa ɗaya da wanda ya zaga, gobe za su haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure. Manyan da ake yi dominsu kuwa, shekara ba ta zagayowa sai ka gan su jam'iyya ɗaya suna tafawa, an bar talakawa da gaba.

Jihar nan ta riga ta ga kuɗin da rashin zama teburi ɗaya ke ci. A ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke dukkan ƙuri'un da jam'iyyar APC ta samu a zaɓen Zamfara, saboda rikicin cikin gida ya hana ta yin sahihin zaɓen fitar da 'yan takara. Kujerar gwamna da ta 'yan majalisa duk suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. Ba ina nuna yatsa ga wani ɓangare ba ne. Abin lura shi ne, 'yan gida ɗaya sun kasa sauraron juna har abin da suke faɗa a kansa ya suɓuce musu duka. Tun a 1979 Waziri Ibrahim na jam'iyyar GNPP ya yi ta kiran siyasa ba da gaba ba. Kiran na nan da sauran aikinsa.

Akwai kuma wata illa ta rashin ajiya. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, manoma da yawa suka rasa gonaki da gidaje, rikicin diyya ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wuta a Afrilun 1980. Har yau ana saɓani a kan yawan waɗanda suka mutu, abin da hukuma ta faɗa daban, abin da mutanen yankin ke faɗa daban. Tsofaffin da suka ga abin da idonsu suna ta ƙarewa. In ba mu ɗauki bayaninsu mun ajiye ba, jikokinsu za su yi gardama a kai ba tare da madogara ba, kowa ya faɗi abin da ya yi wa jam'iyyarsa daɗi.

Rumbun Zamani

Shawarata ita ce kowane gari ya gina rumbunsa na ilmi, ya haɗa na takarda da na na'ura. Na takarda kowa ya san shi: kabad ɗaya a makaranta ko a zauren mai gari, da littafin rubuta sunan wanda ya ara. Na na'ura ne ke bukatar ɗan bayani. Akwai 'yar ƙaramar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, irin wadda ake kira Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a 2012. Wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramin faifan sola da batir sun ishe ta. Akan sa mata katin ajiya, a zuba littattafai da muryoyi da hotuna. Ita da kanta take watsa sigina a kewayen ɗaki ko tsakar gida, duk mai waya ya matso ya haɗa ya karanta, ba data, ba sabis. Akwai manhaja ta kyauta mai suna Kiwix da ke ba da damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba. Kati ɗaya mai gigabait 64 na iya ɗaukar littattafai fiye da dubu.

Wannan ba wani baƙon abu ba ne gare mu. A kowace kasuwa akwai yara masu kwamfuta da ke tura wa mutane finafinai da waƙoƙi a kati, samari kuma na tura wa juna ta Xender ba tare da kashe ko kwabo ba. Ashe hanya na nan, kayan da za a ɗora mata ne ba mu tanada ba. Abin da ya kamata a zuba ya haɗa da littattafan makaranta, da rubuce-rubucen malaman jihadi, da bayanan noma da kiwo da lafiya, da tsarin mulkin ƙasa, da manufofin jam'iyyu, da kasafin kuɗin jiha, da alkawuran da 'yan takara suka yi da bakinsu. A ɗauki hoton tsofaffin kundaye na gidajen malamai da izinin masu su. A naɗi muryar tsofaffi suna ba da tarihin gari. Sai dai a kiyaye haƙƙin marubuta: littafin da mai shi ke sayarwa a saya, ko a nemi izninsa, domin rumbun da aka cika da hatsin sata ba ya albarka.

Masu aikin kuwa suna kusa. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, duka a Talata Mafara. Ɗaliban kwamfuta su haɗa na'ura, ɗaliban Hausa da Larabci da tarihi su tattaro abin zubawa. Sa'an nan a farfaɗo da karatun taro: sau ɗaya a mako a zauna, mutum ɗaya ya karanta babi guda da ƙarfi, a tattauna, bisa sharaɗin ba mai sukar magana sai ya fara maimaita ta yadda mai ita zai yarda haka ya faɗa.

Masu Cewa Ba Lokacinsa Ba Ne

Na san wani zai ce, mutanen da ba su barci da ido biyu, ina su ina zancen littafi? Maganarsa na da nauyi. A watan Mayun 2022 'yan bindiga sun auka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe, aka kashe fiye da mutum 40. Wanda ya rasa ɗa ko gona, tsaro da abinci yake nema kafin komai, kuma wajibi ne hukuma ta samar masa. Amma wannan hali shi ne ma ya sa ajiya ta zama dole. Garin da ake iya tasa cikin dare, takardun gonakinsa da kundayen malamansa da tarihinsa na iya ƙonewa cikin sa'a guda. Kati kuwa ya shiga aljihu, kwafinsa na iya zama a gari uku. Haka nan a lokacin tsoro ne jita-jita ta fi kisa, kuma wanda ya saba tambayar ina hujja shi ne ba ya saurin ɗaukar makami a kan maƙwabcinsa.

Wani kuma zai ce, ai akwai masu digiri da suka fi kowa iya zagi. Haka ne, ilmi ba ya maye gurbin tarbiyya. Amma takardar shaida daban, ɗabi'ar karatu daban, da yawa sun rufe littafi tun ranar jarrabawar ƙarshe. Kuma mai zagi da gangan ba ya kasuwa sai ya sami masu saurare da ba su da abin auna maganarsa. Ranar da ɗan takara ya san cewa jawabinsa na shekara huɗu da suka wuce yana ajiye a zauren gari, zai auna abin da zai faɗa bana.

Kammalawa

A taƙaice, gyaran bakin matasa ba zai samu da wa'azi kaɗai ba, sai an ba su abin da za su riƙe a maimakon zagi, watau hujja. Hujja kuwa a cikin dogon karatu take, dogon karatu kuma sai da littafin da ke hannunka kullum. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan ƙasar Bakura da Mafara da Maradun, duk wanda zai tafi hutu ya tafi da littafi ko da guda biyar ne, ya bar su a garinsu, ya kuma naɗo muryar tsoho ɗaya kafin ya dawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in kowa ya kawo nasa dami, kafin zaɓe mai zuwa rumbu ya cika. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya sa mu iya bakinmu. Amin.